Daga fagen kaka zuwa KUST Pyramids: zare kan tarihin wasannin manyan makarantu a ƙasar Kano

1/ Zare 🧵
Mu ’yan ƙauyukan arewacin Kano, su Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunci, Tsanyawa da Minjibir, mun cika azuzuwan manyan makarantu. Amma ku duba jerin masu ɗaga kofi a gasar jami’o’i da kwalejoji, da wuya ku ga ƙananan makarantun da muke ciki. Wannan abu yana da tarihi. Ku biyo ni a sannu, zaren yana da ɗan tsayi.

2/ Farko dai a ajiye maganar cewa Bature ne ya koya mana karawa tsakanin ƙungiyoyi. Tun ba a gina aji ko ɗaya na boko a ƙasar Kano ba, gari yana fita ya kara da gari. Samari su ɗauki makaɗinsu su nufi ƙauyen gaba, a kafa da’ira, a yi kokawa ko dambe, a dawo gida da suna ko da kunya.

3/ Kuma abin yana da lokacinsa: kaka. Gero ya shiga rumbu, an yanke dawa, an cire gyaɗa, ciki ya ƙoshi, ga farin wata. Babu mai hankalin da zai bar noma a tsakiyar damina ya tafi kokawa. Wato jadawalin wasa yana bin jadawalin gona ne sau da ƙafa. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

4/ Dambe asalinsa wasan mahauta ne. Hannu ɗaya a naɗe da zare, shi ne mashi, ɗayan a buɗe, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Kowane ɗan dambe yana da ɓangaren da yake wakilta, yana da kirari, yana da kiɗa. Ƙungiya ce cikakkiya, rigar jesi kawai ta rasa.

5/ Har ma’ajiyar tarihi suna da ita: makaɗi. Yau yaron da aka haifa bayan 2000 ya san sunan Shago, alhali bai taɓa ganin dambensa ba. Me ya sa? Saboda Ɗan Anace ya yi masa waƙa. Wanda ya samu mawaƙi sunansa ya tsira, wanda bai samu ba ya tafi da bajintarsa kabari.

6/ Sai langa, wadda ita ce ta fi kama da wasan ƙungiya irin na yau. Ka kama ƙafa ɗaya ta baya, ka yi tsalle da ɗayar. Ɓangare biyu, kowanne yana kare nasa ruwan har ya kai sha, ana ture na abokan gaba. Akwai dabara, akwai rabon aiki, akwai wanda ake sadaukarwa don wani ya wuce. Kuma ko sisi ba a kashewa.

7/ Me ya sa wasanninmu suka zo a haka, marasa buƙatar fili na musamman? Ku kalli ƙasar. Kewayen birnin Kano yana cikin yankunan karkara mafiya cunkoso a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a ABU da BUK, ya shafe shekaru yana nazarin yankin tun daga shekarun 1960.

8/ Abin da ya bayyana mu mun tashi mun gan shi da ido: gona tana manne da gona, ana nomanta duk shekara babu hutu, taki ne ke riƙe da ita. Da can jakuna ke kai itace birni su dawo da taki. Iyakar gona ma gamba ce ko jerin ƙaro da lalle. A irin wannan ƙasa, wa zai ware kadada guda ya ce ta wasa ce kawai?

9/ Shi ya sa har gobe filin ƙwallo a ƙauyuka da yawa gonar wani bawan Allah ce. Bayan an kwashe kara, samari su share, su kafa itace biyu a kowane gefe. Ruwan farko yana sauka, mai gona ya shigo da garmar shanu, lig ya ƙare ko an kai wasan ƙarshe ko ba a kai ba 😅 Filin firamare ne kaɗai ke tsira.

10/ To yanzu mu shiga zuwan boko. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. Turawan da suka koyar a can sun fito ne daga makarantun kwana na Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin rabin tarbiyya.

11/ A wurinsu, filin wasa ne ke koya wa yaro biyayya, jimiri da shugabanci. Kuma karawa tsakanin makaranta da makaranta tsohuwar al’adarsu ce: tseren kwale-kwale tsakanin Oxford da Cambridge tun 1829 ake yin sa. Wannan tunanin suka ɗauko suka dasa a Katsina, da kurket, da guje-guje, da ƙwallon ƙafa.

12/ Amma wasan da ya fi kama ƙasa shi ne Fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Asalinsa daga makarantar Eton ne. Wani malami Bature mai suna Hogben ya shigo da shi a shekarun 1920. Abin mamaki, wasan da ’ya’yan manya ke yi a Ingila ya zama na gida a Katsina, Birnin Kebbi da Sakkwato.

13/ Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, gwanin Fives ne, kuma bai bar shi ba har yana Firimiya. Har yau ana gasar kofin Sardauna a wannan wasa. Ku lura da darasin: wasa ya rayu kusan shekara ɗari saboda waɗanda suka yi shi a makaranta sun zama masu mulki, suka gina masa bango.

14/ Abubuwa huɗu boko ya kawo waɗanda fagen kaka ba shi da su: fili na dindindin, malamin da aikinsa wasa ne, jadawalin da ba ruwansa da damina, da littafin rubuta sakamako. Waɗannan huɗun su ne ƙashin bayan duk wata ƙungiyar makaranta har yau. Inda ɗaya ya ɓace, ƙungiya takan zama taron abokai kawai.

15/ Matsalar ita ce mutum nawa suka samu? Makarantar Midil ɗaya ce a lardi. Ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, ita ce za ta ɗauki yaran lardi sukutum. Ɗan talakan Kunci da ke kayar da kowa a kokawa bai ma san ana wani abu wai shi gasar makarantu ba. Tun daga tushe, wasan makaranta na ’yan tsiraru ne.

16/ A shekarun 1930 aka fara gasar guje-guje ta garkuwar Hussey, mai sunan daraktan ilimi na lokacin, inda makarantun Arewa ke karawa da na Kudu. Ita kuwa Kwalejin Katsina ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, daga baya ta zama Barewa. Al’adar wasan ta bi ta duk inda ta je.

17/ Jami’a kuwa sai a 1948, a Ibadan. Ɗalibanta suka riƙa karawa da takwarorinsu na Legon a Gana. Daga nan aka haifi gasar jami’o’in Afirka ta Yamma, WAUG, wadda aka fara a Ibadan a 1965. Shekara ɗaya bayan haka, 1966, aka yi gasar jami’o’in Najeriya ta farko, NUGA, ita ma a Ibadan.

18/ Jami’o’i biyar ne a ƙasar a lokacin: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife da ABU Zariya. Huɗu a Kudu, ɗaya tilo a Arewa. Duk faɗin yankin nan, daga Sakkwato zuwa Borno zuwa Ilori, riga ɗaya ce ke wakiltarsa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

19/ Kano fa? Kwalejin Abdullahi Bayero reshen ABU ce a lokacin. Sai a 1977 ta zama jami’a mai cin gashin kanta. Wato an shafe shekara goma sha ɗaya ana NUGA kafin a samu cikakkiyar jami’a mai sunan Kano. Ita ma a birni take. Karkara kuwa sai jira.

20/ Don ku ga abin da fara da wuri ke haifarwa, ku dubi ƙwallon kwando a ABU. Wani koci Ba’amurke, Oliver B. Johnson, wanda kowa ke kira OBJ, ya zauna a Zariya shekaru da dama yana horar da ɗalibai da yaran gari a filin jami’a. Samaru ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin wasan a Najeriya.

21/ Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya zama shugaban Toronto Raptors, suka ɗauki kofin NBA a 2019. Fili ɗaya, koci ɗaya mai haƙuri, shekaru masu yawa. Ba sihiri a ciki. Abin da ƙananan makarantunmu ba su taɓa samu a jere ba ke nan.

22/ Wata hanyar da manyan jami’o’i suka tara kaya ita ce karɓar baƙuncin gasar. Duk wadda za ta karɓi NUGA sai an gina mata filaye, an gyara ɗakunan kwana, an sayi kayan aiki. Baƙi su tafi, kaya su zauna. ABU ta karɓa fiye da sau ɗaya, BUK ta karɓa a shekarun 1990, Maiduguri ma ta karɓa.

23/ Ƙaramar makaranta ba a ba ta baƙunci saboda ba ta da kaya, kuma ba ta da kaya saboda ba a taɓa ba ta baƙunci ba. Ga kuma lissafin lambobin yabo: ƙwallon ƙafa zinare ɗaya ce duk wahalarta, ninƙaya kuwa zinare ce birjik. Jami’ar Fatakwal, mai tafkin ninƙaya, ta daɗe tana mamaye teburi.

24/ Mu kuwa yaran bakin dam ɗin Thomas da na Watari sun iya ruwa kamar kifi, amma ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo 😂 Baiwa tana nan. Abin auna ta ne babu. Kafin a busa usur ɗin farko, makarantar da ba ta da tafki da hanyar tsere ta riga ta bar lambobi masu yawa a kan teburi.

25/ A 1976 shirin UPE ya buɗe ƙofar firamare ga kowa. Azuzuwa suka bazu ƙauye-ƙauye, abin alheri. Sai dai boko ya iso mana da allo da alli, ya baro waɗancan abubuwa huɗu a makarantun kwana. Yawancinmu mun gama sakandaren jeka-ka-dawo, abin da muka sani na wasa shi ne gasar gidaje sau ɗaya a shekara, in an samu kuɗi.

26/ Sannan tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, SAP ta zo a 1986, kasafin jami’o’i ya tsuke. In kuɗi ya yi kaɗan, wasa ake fara yankewa. NUGA da aka tsara duk shekara biyu ta koma sai yadda hali ya yi. Ku duba: Benin 2011, Ife 2014, Makurɗi 2017, Legas 2022.

27/ Tsakanin 2017 da 2022 shekara biyar ke nan. Digiri shekara huɗu ne. Wato akwai ɗaliban da suka shiga jami’a suka fita ba su ga NUGA ko ɗaya ba. Ƙara da yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Ƙungiyar da aka haɗa a aji ɗaya, kafin a dawo rabinta sun watse.

28/ Duk wannan lokacin ƙwallo ba ta mutu a Kano ba, hanya kawai ta canza. Raccah Rovers ta ɗauki lig ɗin Najeriya a 1978. An kafa Kano Pillars a 1990, ta ɗauki lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ahmed Musa daga Pillars ya wuce Turai. Hanyar ta bi ta kulob ɗin unguwa ne, ba ta ƙofar jami’a ba.

29/ Nan aka samu rabuwar da ke damunmu har yau: ɗan ƙwallo daban, ɗan boko daban. Uba ya sayar da buhun gero ko ɗan akuya ya biya maka rijista, ka ce masa za ka tafi wasa Makurɗi ana saura mako biyu jarrabawa? Zai ce, “Ƙwallo na tura ka yi?” Kuma wallahi ba za ka ga laifinsa ba.

30/ Mutane suna son kawo misalin Amurka, inda Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas, ya buga wa Jami’ar Houston, aka ɗauke shi na farko a NBA a 1984. Gaskiya ne, can wasan jami’a tsohon abu ne: Rutgers da Princeton sun kara tun 1869, hukumar NCAA kuma ta samo asali a 1906.

31/ Amma ni abin da ya fi ja hankalina ba manyan ba ne. A 1973 NCAA ta kasa makarantu rukuni uku. A rukuni na uku ba a ba ɗalibi tallafin karatu don wasa. Ƙananan kwalejoji ne, ɗaruruwa, suna karawa da maƙwabtansu duk mako a motar makaranta. Ƙarami da ƙarami. Kowa yana da kofin da zai iya mafarkin ɗauka.

32/ Mu namu rabon ba bisa girma ko kusanci aka yi shi ba, bisa irin takardar da makaranta ke bayarwa ne. Jami’o’i suna da NUGA, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi suna da NICEGA. Kowa da layinsa, kuma kowane layi sai ka ratsa ƙasa kafin ka buga wasan da za a kirga.

33/ Ku dubi taswirar yankinmu. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da sana’a tana Bichi. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana Dambatta. Kwalejin Hussaini Adamu tana Kazaure, nan kan iyakar Jigawa. Daga Dambatta zuwa Kazaure ko awa ɗaya ba a yi. Amma a tsarin gasar ƙasa ba duka suke layi ɗaya ba.

34/ Kakanninmu da ƙafa suke zuwa ƙauyen gaba su yi kokawa su dawo a daren. Mu da kwalta da mota, sai an nemi kuɗin zuwa wata jiha mai nisa kafin a ce muna da ƙungiya. In kuɗin bai fito ba, shekara ta wuce ba wasa. Tsarin da aka yi wa jami’o’i biyar ne ake ja har yau da suka haura 250.

35/ Yanzu ga labari mai daɗi. A 2001 jihar Kano ta buɗe jami’arta ta farko, kuma ba a birni ba: Jami’ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, garin kasuwar shanu ta ranar Juma’a. Kudu maso gabas take da birni, amma ɗalibanta irinmu ne, ’ya’yan manoma daga ƙananan hukumomi 44, har da namu na arewa.

36/ A 2018 aka fara lig ɗin ƙwallon ƙafa na manyan makarantu, HiFL, tare da haɗin gwiwar NUGA. Sabon abin da ya kawo shi ne wasa gida da waje, da kuma suna ga kowace ƙungiya. BUK Stallions. UDUS Sultans. UNIMAID Desert Warriors. Ƙungiyar Wudil kuwa ta fito da sunan da ya fi kowanne taɓa ni: KUST Pyramids. Dalar gyaɗa.

37/ Ku tsaya mu kalli sunan nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke so, manoma suka zaɓi gyaɗa, don ta fi kuɗi kuma in kasuwa ta faɗi a ci. Daga 1912 gyaɗa ta fara kwarara. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka saye, aka jera buhuna har suka zama dala.

38/ Wa ya noma gyaɗar da ke cikin buhunan? Mutanen Bichi, Dambatta, Dawakin Tofa, Gezawa da sauransu, a waɗannan ƙananan gonakin da ba su bar wurin filin ƙwallo ba. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar. A 2022 aka sauya wa jami’ar suna zuwa Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Ɗantata.

39/ Don haka duk ranar da yaron ƙauye ya sa rigar Pyramids ya shiga fili, gumin kakansa ne a rubuce a ƙirjinsa. Ƙasar da ba ta iya ba shi filin wasa ba ita ce ta ba ƙungiyar suna. Ni dai a wurina wannan ya fi kofi.

40/ Kuma HiFL ta nuna ba dole sai tsofaffin biyar ba. Zakarun farko a 2018 su ne UAM Tillers na Jami’ar Aikin Gona ta Makurɗi, sunansu ma “masu huɗa” yake nufi, shekara ɗaya bayan sun karɓi NUGA. A 2021 Desert Warriors na Maiduguri suka ɗauka, bayan duk abin da garin ya gani. In an ba ƙarami fili, yana iya wa.

41/ Yaya rayuwar ƙungiya take a ƙaramar makaranta? Zan faɗi abin da nake gani a tamu, ba sai na kama suna ba. Takalmi kowa da nasa, na gwanjo. Ƙwallo karo-karo. Yammacin Laraba da aka ce na wasa ne, sai malami ya sa lakca ko gwaji. Kyaftin ne koci, shi ne ma’aji, shi ne mai roƙon mota.

42/ Alhali duk shekara akwai layin “kuɗin wasanni” a takardar rijistarmu. Ba zargin kowa nake ba, tambaya ce: nawa aka tara, me aka saya? Ƙungiyar ɗalibai da ke iya tada jijiyar wuya a kan ruwa da wuta ya kamata ta iya neman wannan lissafin cikin ladabi, a rubuce.

43/ ’Yan’uwanmu mata kuwa abin ya fi tsanani. A firamare suna tsere suna cin kyauta, a babbar makaranta sai su ɓace daga fili. Da ana cewa matsalar sutura ce. To FIFA ta amince da rufe kai a 2014, hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta bi a 2017. Abin da ya rage shi ne keɓantaccen wuri, lokaci nasu, da koci mace.

44/ Mu leƙa maƙwabta. A Nijar tun 1975 gwamnati ta mai da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yau jihohi takwas ke karawa, ƙasa ta tsaya cik, rediyo da talabijin suna kai. Wasan fagen kaka ne dai irin namu, aka ba shi fili, alƙali, jadawali da littafi.

45/ A Najeriya ma dambe, kokawa da langa suna cikin bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. To me zai hana makarantun da ke tsakiyar ƙasar langa su zama cibiyarta? Ba ta buƙatar tafki, ba ta buƙatar takalmi. A nan ne ɗan Makoɗa zai shiga fili yana gaba, ba yana bin baya ba.

46/ Ga abin da tarihin nan ya nuna mini. Na ɗaya: a yi gasar maƙwabta. Bichi, Dambatta, Kazaure, Wudil da makarantun birni, ba ruwanmu da wa ke ba da digiri wa ke ba da NCE. Gida da waje, a je a dawo rana ɗaya. A sa ta daga kaka zuwa bazara, lokacin da ɗalibi ba ya gudu gida taya noma.

47/ Na biyu: a buɗe wa gari ƙofa. A ƙasar da fili ya fi zinare tsada, filin kwaleji shi ne mafi kyau a ƙaramar hukuma gaba ɗaya. A sa wasa ranar da mutane ke gari, kamar yammacin Lahadin kasuwar Dambatta. Uban da ya ga ɗansa ana masa tafi a gaban jama’a, ra’ayinsa kan ƙwallo zai yi laushi.

48/ Na uku, kuma shi ya fi sauƙi: a rubuta. A ofishin wasanni na makarantarmu akwai kofuna a kabad, wasu ko shekara babu a jiki, balle sunan waɗanda suka ciyo su. Mutanen da suna da makaɗi, Turawa suna da littafi, mu mun saki na farko ba mu kama na biyu ba. Ga waya a hannun kowa. Sunaye, rana, sakamako, hoto.

49/ Don haka ina roƙo. In ka taɓa buga wa Bichi a NICEGA, ko Kazaure a NIPOGA, ko ka sa rigar Pyramids ko Stallions, ko ke ce kika yi wa makarantarku tsere, a ajiye mana shekara da hoto a ƙasan zaren nan. In babanka ne ko yayarka, a tambaye su tun suna tunawa. Zan tattara in jera su a zare na gaba, in sha Allahu.

50/ A tura wa shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da daraktocin wasanni na makarantunmu. Mutanen Bichi da Dambatta kuma, wa zai fara aika wa ɗan’uwansa goron gayyata bana?